Darasin Da Ke Cikin Siliman Zaɓen Paparoma

Hausawa sun ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Duk inda aka ajiye kujerar shugabanci, ko a fada ce, ko a kasuwa, ko a ɗakin ibada, ba a rasa masu leƙenta ta gefen ido. Wannan shi ne abin da wani silima mai suna Conclave ya nuna, wanda ya fito a shekarar 2024, kuma a kansa ne nake so in faɗi ra'ayina ga 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla. Watakila wani zai ce, me ya haɗa ɗan makaranta daga Yashe da rigimar limaman Kirista na birnin Rum? To, jama'a, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Ni a ganina darasin da ke cikinsa shi ne, tun da ba za a iya raba ɗan Adam da son girma ba, tilas ne kowace al'umma ta shimfiɗa dokar zaɓen shugabanta tun kujera tana da mai ita, sa'an nan in lokaci ya yi kowa ya bi wannan doka, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba.

Da farko bari in yi bayani saboda wanda bai sani ba. Paparoma shi ne shugaban Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika na duniya duka, waɗanda yawansu ya haura biliyan ɗaya, kuma fadarsa tana Batikan cikin birnin Rum na ƙasar Italiya. Iyayenmu za su tuna da zuwan Paparoma John Paul na Biyu Kaduna a 1982. Da yake limaman Katolika ba su yin aure, wannan sarauta ba a gadonta. Idan Paparoma ya rasu, sai manyan limamai masu jajayen huluna, waɗanda ake kira Kadinal, su taru daga ƙasashe dabam-dabam su zaɓi wani. Wanda ya cika shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a. Ana kulle su a wani ɗakin ibada mai suna Sistin, babu waya, babu rediyo, babu jarida, babu magana da kowa na waje. Kowa ya rubuta sunan wanda yake so a ɓoye, ya rantse a gaban sauran cewa tsakaninsa da Allah wannan ne ya ga ya cancanta, sa'an nan ya jefa. Ba a cin zaɓe sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Bayan an ƙirga sai a ƙone takardun. In ba a dace ba, jama'ar da ke jira a waje su ga baƙin hayaƙi, in kuwa an dace su ga fari. Sunan silima ɗin ma daga harshen Latin ya samo asali, ma'anarsa kullewa da mabuɗi.

Ga yadda labarin yake. Paparoma ya rasu, sai nauyin shirya zaɓe ya faɗa wuyan Kadinal Lawrence, mutumin Ingila, dattijo mai tsoron amana. Manyan masu neman kujerar su huɗu ne. Akwai Bellini na Amurka, mai son a kawo sauye-sauye. Akwai Tedesco na Italiya, mai son a koma kan al'adun da. Akwai Tremblay na Kanada, mai laushin baki da iya lissafi. Na huɗu shi ne Adeyemi, ɗan Nijeriya. Ana gab da kulle ƙofa kuma sai ga wani baƙo mai suna Benitez, mutumin Meziko da ke aiki a Kabul, wanda marigayin ya naɗa Kadinal a asirce, babu wanda ya san da shi.

Da aka fara jefa ƙuri'a sai Adeyemi ya shige gaba, har ana ganin baƙar fata zai hau kujerar. Kwatsam sai ga wata sista 'yar Nijeriya cikin masu kawo abinci, ashe shekaru da yawa da suka wuce ya taɓa haihuwa da ita. Nan take magoya bayansa suka watse. Da Lawrence ya bincika sai ya gano cewa ta hannun Tremblay aka kawo matar nan Rum, kuma shi Tremblay ɗin ya raba kuɗi ga waɗansu don su zaɓe shi. Ramin da ya gina wa wani, shi ma ya faɗa ciki. Bellini kuwa, wanda ya yi ta cewa shi ba ya son kujera, ashe an riga an saye shi da alkawarin muƙami. Kai, har shi Lawrence mai rabon faɗa, da ya ga ƙuri'unsa suna ƙaruwa, sai ga shi ya rubuta sunan kansa. Ana cikin haka bam ya tashi a gari, Tedesco ya miƙe yana kiran a ɗaura yaƙi da Musulmi. Sai baƙon nan Benitez, wanda ya zauna a ƙasashen da ake yaƙi ya ga gawawwakin Kirista da na Musulmi, ya tashi ya kwaɓe shi cikin natsuwa. Daga ƙarshe shi aka zaɓa.

Na ji waɗansu abokanmu da suka kalli siliman nan lokacin hutu suna dariya, suna cewa a dubi halin limaman Kirista. Wannan kuskure ne. Na ɗaya, labarin ƙagagge ne. Wani marubuci ɗan Ingila, Robert Harris, shi ya rubuta littafin a 2016, Edward Berger ya mai da shi silima, kuma Katolika da yawa sun yi fushi da shi. Na biyu, mabiya ɗarikar nan maƙwabtanmu ne. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga mararrabar Yashe zuwa Malumfashi da Funtuwa ya san akwai Hausawa Kiristoci a ƙauyukan wannan yanki. A 2023 ma aka yanke wa Katsina nata lardin Katolika daga na Sakkwato, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama Bishop na farko. Wanda muke cin kasuwa ɗaya da shi bai kamata mu mai da addininsa abin ba'a ba. Na uku kuwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanene a cikinmu bai taɓa jin garin da aka raba masallacin Juma'a biyu saboda rigimar limanci ba?

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne asalin dokokin nan nasu, domin kowace ɗaya sai da aka sha wuya kafin a kafa ta. Dokar kashi biyu cikin uku tun 1179 aka yi ta, bayan an sha fama da mutum biyu kowa yana cewa shi aka zaɓa. Kulle ƙofa kuma ga yadda ya samo asali. A 1268 Paparoma ya rasu a wani gari mai suna Biterbo a Italiya, masu zaɓe suka rabu, suka yi ta jan magana har kusan shekara uku. Da mutanen gari suka gaji sai suka kulle su cikin gidan, suka rage musu abinci sai burodi da ruwa, har suka yaye rufin ɗakin don rana da ruwan sama su taimaka musu su yanke shawara. A 1271 aka zaɓi Gregory na Goma, shi kuwa a 1274 ya mai da kullewar ta zama doka, har da rage abinci in an wuce kwana uku. Duk da haka ba su huta ba, don daga 1378 zuwa 1417 an yi zamanin da mutum biyu, daga baya har uku, kowa yake amsa sunan Paparoma, kowa da sarakunan da ke goyon bayansa.

Sarakunan nan su ne babbar matsalar. Shekaru aru-aru manyan sarakunan Turai suna da ikon aika wa masu zaɓe cewa ba su yarda da wane ba. Na ƙarshe da ya yi haka shi ne Sarkin Ostiriya a 1903, lokacin da ya hana a zaɓi Kadinal Rampolla. Wanda ya ci zaɓen, Pius na Goma, ko da yake hanin nan shi ya buɗe masa hanya, bai ɓata lokaci ba ya soke wannan iko a 1904. A nan akwai abin koyi, mutum ya toshe ƙofar da shi kansa ya shigo ta cikinta saboda ya san ɓarna ce. Amfanin wannan duka an gan shi kwanan baya. Paparoma Francis ya rasu ran 21 ga Afrilu, 2025. Kadinal 133 daga ƙasashe masu harsuna dabam-dabam suka shiga ɗaki ran 7 ga Mayu, kashegari aka ga farin hayaƙi, aka sanar da Leo na Goma Sha Huɗu, haifaffen Amurka. Labudda akwai waɗanda suka so kujerar ba su samu ba, amma ba mu ji wanda ya kai ƙara kotu ko ya tara 'yan daba ba.

Kada wani ya ɗauka wannan hikima ta Turawa ce kawai. A darasin Tarihin Musulunci an karantar da mu cewa da aka soki Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, a shekara ta 23 bayan Hijira, bai bar al'umma cikin duhu ba. Ya ware Sahabbai shida, ya ce su keɓe su zaɓi ɗaya daga cikinsu, ya kuma yanka musu wa'adin kwana uku. Ta haka aka zaɓi Sayyidina Usman. Ga adadin masu zaɓe sananne, ga keɓewa, ga wa'adi, fiye da shekara 600 kafin abin da ya faru a Biterbo. Haka kuma a ƙasar Hausa muna da masu zaɓen sarki tun kaka da kakanni. A Katsina akwai irin su Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, a Kano kuma Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Watau tsarin muna da shi. Inda muke samun tangarɗa shi ne hannun da ke shigowa daga waje.

Mu dubi tarihi. A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, alhali kuwa da yawa daga cikin manyan Kano Yusufu suke so. Abin da ya biyo baya shi ne Basasa, ɗan'uwa ya ɗauki takobi a kan ɗan'uwa, aka ƙone garuruwa, ba ta lafa ba sai 1895 bayan an kashe Tukur. Da Turawa suka zo sai suka karɓe wannan iko, suna tuɓewa suna naɗawa, kamar yadda suka yi nan Katsina a 1906. Da suka tafi kuma gwamnati ta gaje su. A watan Nuwamba na 1988 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu bayan shekara 50 yana sarauta. Labari ya bazu cewa ɗansa Muhammadu Maccido aka zaɓa, jama'a har sun fara murna, sai gwamnatin soja ta sanar da Ibrahim Dasuki. Aka yi tarzoma a Sakkwato, aka rasa rayuka. A 1996 wata gwamnatin sojan ta tuɓe Dasuki ta naɗa Maccido. A Kano kuma an naɗa Muhammadu Sanusi na Biyu a 2014, aka tuɓe shi a 2020 aka naɗa Aminu Ado Bayero, a 2024 wata gwamnatin ta mai da Sanusi, gari ya wayi da mutum biyu kowa da fadarsa, magana ta koma hannun alƙalai.

Ni yaro ne, ba ni da bakin da zan ce wane ne ya fi cancanta cikin waɗannan bayin Allah, dukkansu iyayenmu ne. Abin da na lura da shi kawai shi ne, hannun da ya naɗa yau, irinsa ne yake tuɓewa gobe, kuma talaka ne yake kwana a asibiti ko a makabarta. In da ƙa'ida ce tsayayya wadda gwamnan jiya da na yau duk ba su isa su taɓa ba, da wanda ya samu ya zauna da kwanciyar rai, wanda ya rasa kuma ya san Allah ne bai ba shi ba.

Amma fa doka ita kaɗai ba ta isa ba sai mabiya sun yarda su bi ta, kuma su kansu Katolika na Nijeriya sun ɗanɗana wannan. A 2012 aka naɗa Peter Okpaleke ya zama Bishop na Ahiara a Jihar Imo. Limaman wurin da jama'arsu suka ce ba su yarda ba, don shi mutumin Anambara ne, su kuwa ɗan ƙasarsu Mbaise suke so. Ga addini ɗaya, ga harshe ɗaya, amma aka hana shi shiga cocinsa shekara biyar. A 2017 Paparoma Francis ya ba limaman kwana 30 kowa ya rubuto takardar biyayya. Duk da haka wutar ba ta mutu ba, sai a 2018 shi Okpaleke ya ajiye muƙamin don a zauna lafiya. To, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A 2020 aka ba shi sabon lardi a Ekwulobia, a 2022 aka naɗa shi Kadinal, kuma a 2025 shi kaɗai ne ɗan Nijeriya da ya shiga ɗakin nan ya jefa ƙuri'ar zaɓen Paparoma. Wannan labari na gaskiya ya fi na silima daɗi a wurina, domin mutumin ya bar kujera da kansa, sai ga wadda ta fi ta ta zo ta same shi.

Na san akwai mai cewa, ai zaɓen da ake yi a kulle shi ya fi saukin maguɗi, tun da ba mai gani. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma siliman ma ya nuna haka, don da Lawrence bai yi bincike ba, da wata sista mai suna Agnes ba ta yi ƙarfin hali ta ba da shaida a gaban manya ba, da mai sayen ƙuri'a ya haye. Amsata ita ce, abu biyu ne, kada a gama su. Ƙa'idar zaɓe a fili ya kamata ta kasance, kowa ya san su wa ke zaɓe da ƙuri'a nawa ake bukata. Abin da ake ɓoyewa shi ne wanda kowane mutum ya zaɓa, don kada a tsorata shi ko a saye shi. Kuma kowace irin doka aka yi, sai an sami mai tsoron Allah da zai tsaya a kanta.

Ba kuma duk abin da ke cikin siliman ne ya gamshe ni ba. Ban ji daɗi ba da aka ce ɗan Afirka guda ɗaya da ya kusa kai gaci, ta hanyar mace ya faɗi, don irin wannan zato Turawa sun daɗe suna yi mana. Ƙarshen labarin kuma, inda aka tono wani asiri game da halittar jikin sabon Paparoma, ina ganin an ƙara shi ne don a girgiza masu kallo, bai ƙara wa darasin kome ba. Saboda haka ƙanana ba su da abin gani a ciki, manya kuwa su kalla da hankalinsu.

Yanzu bari in dawo gida. 'Yan'uwana ɗalibai, mu ma muna da kujerunmu, ko da yake ƙanana ne. Akwai monita, akwai shugaban ɗakin kwana, da mai kula da ɗakin cin abinci, da shugabannin ƙungiyoyi, har zuwa shugaban ɗalibai. Duk ɗan makarantar kwana ya san yadda iska take kaɗawa in shekara ta zo ƙarshe. Mai rowa ya fara rabon gari da suga, wanda bai san hanyar masallaci ba ya koma sahun gaba, wani kuma ya bi dare yana ɓata sunan abokinsa wajen malamai, a kuma fara cewa wane ba ɗan garinmu ba ne. Duk halayen nan na Tremblay da na mutanen Ahiara ga su nan a tsakaninmu tun ba mu fara gemu ba. Wanda ya sayi ƙuri'a da suga yana ɗan shekara 16, me zai saya da ita in ya kai 50?

Don haka ina roƙon malamanmu abu uku. A rubuta ƙa'idar zaɓen shugabannin ɗalibai tun farkon shekara, kafin a san masu nema, a manna ta inda kowa zai gani. In an ba ɗalibai damar zaɓe, a bari su jefa ƙuri'a a ɓoye, kuma wanda malamai suka ga bai dace ba a cire shi tun kafin zaɓe, kada a bari sai ya ci a sauya. Sa'an nan wanda bai samu ba ya zama shi ne na farko da zai miƙa wa wanda ya samu hannu. Iyayenmu kuma, don Allah in ɗanku bai sami muƙami ba kada ku zo ku roƙa masa, domin ranar da aka ba shi ta wannan hanya, ranar ce ya koyi cewa doka ta marasa gata ce.

Malamanmu na addini sun sha gaya mana cewa shugabanci amana ce da za a tambayi mutum a kanta, kuma wanda ya nace wajen nemansa akan bar shi da kayansa. Daga cikinmu ne za a sami hakimai da limamai da gwamnonin gobe, har da masu zaɓen sarki. Idan muka saba da bin ƙa'ida tun daga zaɓen monita, ba zai yi mana wuya ba ranar da abin da ke gabanmu ya fi haka girma. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya ba mu haƙurin bin su, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.